Cold Fact: faifan Rodriguez da ya faɗi a Amurka, ya tashi a Afirka ta Kudu

Cold Fact shi ne faifan farko na mawaƙin Amurka Sixto Rodriguez. Ya fito a watan Maris na 1970 ɗauke da waƙoƙi 12, waɗanda in an haɗa su duka ba su fi rabin awa da ƴan mintuna ba. A Amurka bai samu kasuwa ba. Faifai na biyu ma ya bi sahunsa, kamfanin ya sallami mawaƙin, shi kuma ya koma aikin ƙarfi a birnin Detroit: rusa tsofaffin gidaje, kwashe buraguzai, gyaran gini. A daidai shekarun da yake wannan aiki, waƙoƙinsa suna can suna yawo hannu zuwa hannu a Afirka ta Kudu, har aka ƙiyasta an sayar da kusan kofi rabin miliyon na faya-fayansa a ƙasar. Shi bai da labari. Masu saurarensa kuma sun ɗauka ya daɗe da mutuwa.

Duniya ta ji wannan labari a 2012, lokacin da fim ɗin Searching for Sugar Man ya fito. Sai dai labarin ya yi daɗi har ya so ya danne faifan kansa. Daga 1971 zuwa 1998, shekara 27 ke nan, mutanen Afirka ta Kudu suka yi suna sauraren Cold Fact ba su taɓa ganin mai shi a kan dandali ba, ba hira a jarida, ba talla a radiyo. Waƙoƙin ne suka yi wa kansu kasuwa, kuma su ne har yau ke sa ana komawa ga faifan.

Mawaƙin da ke juya wa jama'a baya

An haifi Sixto Diaz Rodriguez ranar 10 ga Yuli 1942 a Detroit, cikin jihar Michigan. Iyayensa ma'aikata ne ƴan asalin Meziko, daga cikin dubban da masana'antun birnin suka janyo. Shi ne ɗa na shida a gidan, daga nan sunan Sixto ya samo asali. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 3.

Detroit ta wancan zamani ita ce cibiyar ƙera motoci ta Amurka, kuma gidan kamfanin kiɗa na Motown. Amma arzikin bai kai kowace unguwa ba. A watan Yuli na 1967 tarzoma ta ɓarke a birnin, aka kwana biyar ana ƙone-ƙone, aka turo sojoji, mutum 43 suka mutu. Masu hali suka riƙa kwashe iyalansu suna komawa bayan gari, suka bar tsakiyar birni ga talakawa. Ga kuma yaƙin Biyetnam yana cin samari. A cikin wannan yanayi Rodriguez ya rubuta waƙoƙin Cold Fact, kuma duk mai sauraren faifan zai ji ƙurar waɗannan tituna a cikinsa.

A 1967 ya taɓa fitar da ƙaramin faifai mai suna I'll Slip Away a kamfanin Impact. An rubuta sunansa Rod Riguez don ya yi kama da na Bature, abin da bai yi masa daɗi ba, kuma faifan bai je ko'ina ba. Ya ci gaba da kiɗa a ƙananan mashayu na bakin kogin Detroit. A ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira The Sewer, wato lambatu, Mike Theodore da Dennis Coffey suka same shi. Ɗakin cike da hayaƙin taba, shi kuma yana can lungu da gitarsa, ya juya wa jama'a baya yana waƙa. Coffey ba ƙaramin makaɗi ba ne: yana cikin masu gitar da Motown ke ɗauka aiki, shi ya kaɗa a wasu manyan waƙoƙin ƙungiyar Temptations. Shi da Theodore suka tsaya wa Rodriguez har ya samu kwangila da Sussex, sabon kamfanin Clarence Avant. An ɗauki faifan a situdiyon Tera Shirma na Detroit a watannin Agusta da Satumba na 1969, da Bob Babbitt a gitar bas da Andrew Smith a ganguna, dukansu gogaggu a kiɗan Motown.

Abin da ke cikin faifan

Ginshiƙin kowace waƙa abu biyu ne: muryar Rodriguez da gitarsa ta katako. Murya ce siririya, mai ɗan fita ta hanci, wadda ba ta ihu kuma ba ta kuka. Yana faɗin abu mai ɗaci da irin muryar da mutum zai tambayi farashin kaya a kasuwa. A kan wannan ginshiƙi Theodore da Coffey suka ɗora ado: gogen turawa, ƙahonni, gitar lantarki mai kaushi, da wasu ƙararraki na na'ura waɗanda a lokacin ake yayinsu. Wannan haɗi shi ya bambanta faifan da sauran na masu waƙa da gita kaɗai da suka cika Amurka a lokacin. Maganar ta mai tunani ce, amma ƙasan kiɗan na Detroit ne, yana sa a girgiza kai.

Waƙar farko, Sugar Man, ita ta fi shahara. Mai maganar ciki ɗan ƙwaya ne da ya gaji da duniya, yana kiran dillalinsa ya zo ya kawo masa abin da zai mayar masa da launin rayuwa, har yana ambaton kayan mayen da sunayensu. Tana farawa a natse, sai ƙararrakin na'ura su riƙa shigowa suna murɗewa har muryar ta yi nisa, kamar mutum yana nutsewa a rijiya. Wanda ya ji ta da kunnen basira zai gane ba yabon ƙwaya ba ce. Rodriguez da kansa, da ya dawo dandali a tsufansa, ya sha gaya wa jama'a cewa waƙar tana bayyana halin da ake ciki ne, ba tana ba da shawara ba, yana kuma gargaɗinsu su nisanci ƙwaya.

I Wonder kuwa tana buɗewa da kiɗan bas na Babbitt, ƴan sautuka kaɗan da ke hawa suna sauka, waɗanda da an ji su sau ɗaya sun zauna a kai. Waƙar jerin tambayoyi ce ba amsa: game da budurwa da samarin da ta taɓa yi, game da kaɗaici, game da sojan da ke mutuwa a fagen yaƙi, game da ƙiyayyar da ta ƙi ƙarewa. Yadda ya jera zancen ɗaki da zancen yaƙi a layi guda, da murya guda, ba tare da ya fifita ɗaya ba, shi ne gwanintarsa.

Mai dogon suna a faifan, wadda aka fi sani da The Establishment Blues, kusan karatun jarida ce a kan gita. Yana lissafa abin da ya dami birni ɗaya bayan ɗaya: ƴan siyasa masu ɓoye gaskiya, shara da ba a kwashewa, bindigogi da ke ƙaruwa, ma'aikacin da aka yi wa alkawari aka saɓa. Sunan waƙar ma yana cewa wannan ba waƙa ba ce, fashewar zuciya ce. Rich Folks Hoax tana zargin masu kuɗi da malaman da ke lallashin talaka ya yi haƙuri. Inner City Blues tana bin wani matashi a unguwannin tsakiyar birni. Ba ita ce ta Marvin Gaye mai irin wannan suna ba, wadda ta fito a 1971, ta Rodriguez ta riga ta. Crucify Your Mind, wadda masu sauraro da yawa ke ɗauka ita ce mafi kyau a faifan, magana ce ga wata mace da ya yanke ƙauna da ita, a kan kiɗa mai taushi har ya saɓa da zafin kalmomin.

Faifan ba ya rasa aibi. Waƙoƙi biyu, Hate Street Dialogue da Gommorah, ba Rodriguez ya rubuta su ba. Theodore da Coffey ne tare da Gary Harvey. Ta farkon ta dace da sauran, amma Gommorah da amshin yara da aka liƙa mata ta fi kama da gwaji. Haka nan a waƙoƙin da yake magana da mata, irin su Like Janis da Only Good for Conversation, akwai raini da gatse da mai sauraro na yau zai iya jin sun yi yawa. Saurayi ne ɗan shekara 27 mai jin haushin kowa, kuma bai ware ƴan mata ba.

Tun farko an yi ta kwatanta shi da Bob Dylan, kuma akwai kama. Sai dai Dylan kan ɓoye manufarsa cikin zaurance mai hawa-hawa, Rodriguez kuwa ya fi faɗin abu kai tsaye, a gajarce. Yawancin waƙoƙin ba su kai minti uku ba. Yana kuma furta kalmomi tar, ta yadda ko wanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne zai iya bi. Wannan ƙaramin abu ya yi masa rana daga baya.

A bangon faifan an sa hotonsa zaune ya tanƙwashe ƙafa, da hula da baƙin tabarau, a cikin wani abu mai kama da ƙwallon gilashi. Ba tarihin rayuwa, ba bayani. A jikin faifan kuma an danganta wasu waƙoƙin ga Jesus Rodriguez, sunan ɗan'uwansa. Shekaru da yawa wannan hoto da wannan suna su ne iyakar abin da masoyansa na nesa suka sani game da shi.

Faɗuwa a gida

Dalilan faɗuwar faifan a Amurka ba ɓoyayyu ba ne. Sussex ƙaramin kamfani ne da bai daɗe da tsayuwa ba. Gidajen radiyo ba sa ɗokin sa waƙar da ke ambaton hodar iblis da sunanta. Mai sunan Sifaniyanci a 1970 ana sa ran ya yi kiɗan Latin ne, ba waƙar zanga-zanga da Ingilishi ba. Shi kansa mawaƙin mai kunya ne, ba ya son tallar kai, ga ɗabi'ar juya wa jama'a baya. A cikin fim ɗin 2012, da aka tambayi Clarence Avant kofi nawa aka sayar a Amurka, sai ya ce shida, cikin ba'a.

Duk da haka kamfanin ya sake gwadawa. An kai shi Landan ya ɗauki Coming from Reality tare da Steve Rowland, ya fito a ƙarshen 1971, shi ma shiru. A wannan shekarar ce Sussex ta samu abin da take nema a wurin wasu: Bill Withers ya fito da Ain't No Sunshine, Dennis Coffey kuma ya yi kasuwa da Scorpio. Aka ajiye Rodriguez. Kamfanin kansa ya rufe a 1975.

Rodriguez bai zauna zaman makoki ba. A 1976 ya sayi wani kangon gida a unguwar Woodbridge a gwanjon gwamnati kan dalar Amurka 50, ya gyara ya zauna. Yana aikin lebura yana karatu, har ya samu lisans a fannin falsafa a jami'ar Wayne State a 1981. Ya tsaya takarar magajin garin Detroit da ta majalisar birni da ta majalisar dokokin jiha, bai taɓa cin ko ɗaya ba. Wanda ya san wannan zai gane cewa The Establishment Blues ba rigar aro ba ce. Abin da ya rera shi ya je ya nemi ƙuri'a a kansa.

Yadda ya kama a Afirka ta Kudu

Ana ba da labarin wata Ba'amurkiya da ta zo ziyarar saurayinta da kofi guda, abokai suka yi ta kwafa. Abin da ke rubuce shi ne an buga faifan a Afirka ta Kudu da izini tun 1971, kuma kamfanonin ƙasar suka ci gaba da sake buga shi shekara da shekaru, daga baƙin faifai zuwa kaset zuwa CD. Kwafe-kwafen gida kuma ba su da iyaka. Mai karatun da ya ga yadda waƙa ke tsallakawa daga kaset zuwa kaset a da, yanzu kuma daga waya zuwa waya, ba tare da mawaƙin ya ga ko dala ba, ya san irin wannan tafiya.

Don a gane abin da ya sa ya kama, sai a dubi ƙasar a lokacin. Gwamnatin wariyar launin fata ba baƙar fata kaɗai ta danne ba. Ta kuma kulle tunanin ƴaƴan turawan da take mulki da sunansu. Hukumar tace littattafai da faya-fayai tana hana duk abin da ya taɓa jima'i, ƙwaya, addini ko siyasa. Talabijin bai shigo ƙasar ba sai 1976. Daga waje kuma an ƙaurace mata, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 1980 ga mawaƙa su daina zuwa. Labarin duniya yana shigowa ne a tace, a makare. A irin wannan gida, faifan da ke tambayar budurwa zancen da ba a yi a fili, yake kuma cewa a yi shakkar hukuma da manya, ya zama kamar taga da aka buɗe a ɗaki mai zafi.

Hukumar radiyon gwamnati, SABC, ta hana sa Sugar Man. Hanin ba na takarda kaɗai ba ne: an sa abu mai kaifi an karce layin waƙar a jikin faifan da ke ma'ajiyar gidan radiyon, don kada wani ma'aikaci ya yi kuskure ko ganganci. Kamar yadda aka saba, hanin ya ƙara mata farin jini.

Samarin turawa da ake tilasta wa aikin soja, wanda ya kai shekara biyu daga 1977, sun tafi da kaset ɗin bakin iyakar Namibiya da Angola. A gidajen turawa masu matsakaicin hali, faifan ya zama ruwan dare, ana ajiye shi kusa da na Beatles da na Simon da Garfunkel, kuma yara suna tasowa da zaton Rodriguez ma tauraro ne irinsu a Amurka. A ƙarshen shekarun 1980, da wasu matasan mawaƙa masu harshen Afirkans suka tayar da yunƙurin Voëlvry, suna yi wa gwamnati tawaye da harshenta, wasu daga cikinsu sun ce a wurin Rodriguez suka fara jin cewa ana iya yin haka. Faifan ya kuma bazu a Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, da Botsuwana.

A nan akwai wurin yin hattara. Yawancin masu sauraren Cold Fact a Afirka ta Kudu turawa ne. Gwagwarmayar da ta kayar da wariya tana da nata mawaƙa, irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela waɗanda suka yi zaman gudun hijira, da waƙoƙin da aka rera a Soweto a gaban bindiga. Ba Rodriguez ya buɗe wa Mandela kurkuku a 1990 ba. Da yawa daga cikin masu faifan sun so shi ne don zancen ƙwaya da soyayya da daɗin kiɗa, har da sojojin da ke yi wa gwamnatin yaƙi. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne ya koya wa wani ɓangare na ƴaƴan masu mulki yin tambaya, a ƙasar da aka tsara makaranta da coci da radiyo don kada su yi ta.

Da yake ba wanda ya san inda yake, sai jita-jita ta cike gurbin. Wasu suka ce ya harbe kansa a kan dandali bayan jama'a sun yi masa ihu. Wasu suka ce fetur ya zuba wa jikinsa ya kunna wuta. Wasu suka ce ƙwaya ta kashe shi a kurkuku.

Ostiraliya, wadda fim ya tsallake

Ba Afirka ta Kudu kaɗai ta gano shi ba. A tsakiyar shekarun 1970 faifan ya fara samun masoya a Ostiraliya da New Zealand. Kamfanin Blue Goose ya sayi izinin buga shi, ya kuma fitar da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsa mai suna At His Best a 1977. Rodriguez ya je Ostiraliya ya yi rangadin wasanni a 1979, ya koma a 1981, har ya hau dandali ɗaya da ƙungiyar Midnight Oil. Wato ya san yana da jama'a a wani gefen duniya, kuma ya ɗanɗana tafi kafin ya koma ga aikin rusau. Fim ɗin 2012 bai ambaci wannan ba ko kaɗan, abin da masu suka suka riƙe masa. Hujjar masu fim ita ce suna ba da labarin ne ta idon ƴan Afirka ta Kudu, waɗanda su ma ba su sani ba.

Neman mamaci

Bayan zaɓen 1994 ƙasar ta buɗe, intanet ta shigo. Stephen Segerman, wani masoyin faifan da abokansa ke kira Sugar tun zamanin soja saboda sunansa ya yi kama da na waƙar, ya rubuta bayanin da aka sa a CD ɗin faifai na biyu a 1996, ya yi kira ga duk mai iya bincike ya nemo gaskiyar mutumin. Ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom ya amsa. Niyyarsa ta farko ita ce ya gano yadda Rodriguez ya mutu. Ya bi sawun kuɗi daga kamfani zuwa kamfani, hanya ta toshe. Sai ya koma ga waƙoƙin, ya tsinci sunan Dearborn a Inner City Blues, ya duba taswira ya ga garin yana maƙwabtaka da Detroit. A 1997 ya samu Mike Theodore ta waya, ya tambaye shi yadda mawaƙin ya mutu. Theodore ya ce masa ai yana nan da ransa. A wannan shekarar kuma Eva, babbar ƴar Rodriguez, ta ci karo da shafin intanet da aka buɗe don neman mahaifinta, ta rubuta musu.

Ranar 6 ga Maris 1998 Rodriguez ya hau dandalin Bellville Velodrome a Cape Town, yana ɗan shekara 55, a gaban dubban mutane da wasunsu suka zo da shakkar ko ɗan damfara aka kawo musu. Makaɗan da suka raka shi ƴan ƙasar ne, ƙungiyar Big Sky, waɗanda suka taso da waƙoƙinsa. Mai bas ya fara kiɗan I Wonder, ya yi ta maimaitawa saboda ihun jama'a ya hana mawaƙin buɗe baki. Da ya samu sarari, sai ya gode musu da suka riƙe shi a raye. Ya yi wasanni shida a wannan zuwa, ya koma Detroit ya ci gaba da aikinsa.

Ina kuɗin?

Kamfanonin Afirka ta Kudu da suka buga faifan sun ce sun riƙa aika kason mawaƙi zuwa Amurka. Rodriguez ya ce a duk waɗannan shekaru bai gani ba. A fim ɗin, da aka matsa wa Avant da tambaya, ya fusata, ya ce ba wanda zai tsaya bin diddigin kwangilar 1970, ya kuma nuna irin ƙaunar da yake yi wa mawaƙin. A 2014 maganar ta kai kotu ta wata ƙofa: kamfanin Gomba Music na Harry Balk, mutumin da ya fitar da ƙaramin faifan 1967, ya kai ƙarar kamfanin Avant, yana cewa an sa sunan Jesus Rodriguez a waƙoƙin ne don a kauce wa kwangilar da Sixto ya riga ya sa wa hannu da shi. Wato sunan nan na biyu da ya rikita masoya shekara da shekaru, rigimar haƙƙin mallaka ce a ƙarƙashinsa. Shi Rodriguez, duk lokacin da ƴan jarida suka tayar da zancen, ba ya nuna ɗaci sosai, kuma kuɗin da ya samu a wasannin baya ya raba mafi yawansu ga iyali da abokai.

Dawowa

Kafin fim ɗin ma faifan ya fara tsirowa a wasu wurare. A 2001 mawaƙin rap Nas ya yanko guntun Sugar Man ya gina You're Da Man a faifansa Stillmatic. Waƙar ta fito a fim ɗin Ostiraliya Candy a 2006. A 2008 kamfanin Light in the Attic na birnin Seattle ya sake buga Cold Fact, karo na farko da Amurkawa suka same shi a kanti cikin sauƙi bayan shekara 38. Matasan da suka saye shi a lokacin ba su san wariyar launin fata ba, ba su san Detroit ta 1969 ba, amma sun riƙe shi. Dillalin ƙwaya, ɗan siyasa mai alkawari, sharar da ba a kwashe ba, saurayin da aka tura yaƙi: babu ɗaya da ya tsufa. Adon na'urar da Theodore da Coffey suka ɗora ya nuna shekarunsa, amma da yake gajere ne kuma bai rufe muryar ba, sai ya zama ƙamshin zamani maimakon nauyi.

Malik Bendjelloul, ɗan Siwidin wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne, ya ji labarin daga bakin Segerman a Cape Town a 2006. Ya shafe shekaru yana haɗa fim ɗin, kuɗi suka ƙare masa har ya ɗauki wasu sassa da wayar iPhone. Searching for Sugar Man ya ci kyaututtuka a bikin Sundance a Janairun 2012, ya ci BAFTA, sannan Oscar a Fabrairun 2013. Rodriguez ya ƙi zuwa bikin Oscar, don kada ya janye hankali daga masu fim ɗin. Bendjelloul ya rasu a watan Mayun 2014 yana ɗan shekara 36.

Bayan fim ɗin, Cold Fact ya shiga jerin Billboard na faya-fayan da aka fi saye a Amurka, fiye da shekara 40 da fitowarsa. Jami'ar Wayne State ta ba shi digirin girmamawa a 2013. A wannan shekarar ya yi wasa a bukukuwan Coachella da Glastonbury. A Faransa, inda fim ɗin ya yi farin jini ƙwarai da sunan Sugar Man, ya cika zauren Zénith na Paris a watan Yuni, amma jaridu da dama sun ce wasan bai yi armashi ba. Yana da shekara 70, ciwon ido ya ci ƙarfin ganinsa har sai an riƙo hannunsa zuwa gaban makirfo, murya kuma ta raunana. Jama'a sun zo neman saurayin 1969, suka tarar da dattijon da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a kafaɗa.

Bai sake fitar da sabon faifan situdiyo ba. Biyun nan su ne duka. Bai kuma bar gidan Woodbridge da ya saya dalar Amurka 50 ba. Ya rasu a Detroit ranar 8 ga Agusta 2023 yana da shekara 81. Clarence Avant ya bi shi bayan kwana biyar, ranar 13 ga watan.